Tsohuwar bola ko garejin unguwarku: yadda ake bin kuɗin gwamnati a gyara wurin

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ya tashi cikin birnin Katsina ya san irin wuraren da nake nufi. Kududdufin da kakanni suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini, da aka koma bulo ya zama bola, shekara da shekaru ana zuba mashi shara, kanikawa sun yada zango a gefe suna tuttular da baƙin mai, mai batir yana fasa tsofaffi yana zubar da ruwansu nan ƙasa, sai wata rana ka wayi gari an turo gireda an baje, an watsa jar ƙasa tifa kaɗan, washegari an kafa fegi ana cigiyar mai saye. Toh wannan rufa-rufa ce kawai, gubar tana nan ƙasa tana jiran rijiyar wanda zai gina gida.

Na yi sakataren kwamitin unguwarmu lokacin da muka bi irin wannan maganar, na sha zaman benci a ofisoshi, fayil ɗinmu na farko ma har yau ba a gan shi ba. Abin da na koyo shi zan zayyana maku.

Ku fara sanin wannan. A Amurka hukumar muhallinsu EPA tana da shiri na musamman don irin waɗannan filaye tun 1995, an yi mashi doka a 2002, a 2021 aka ƙara mashi dala biliyan 1.5, kuma sun raba abun, kuɗin gwada ƙasa daban, kuɗin kwashe guba daban. Mu nan babu wata taga guda da za ka je ka ce a ba ni fom ɗin gyaran gurɓataccen fili. Kuɗin akwai su amma a warwatse suke, kowane da sunan da ake kiranshi, kuma ba su bin koke, takarda suke bi. Shi ya sa rabin aikin nan kafin a taka ƙofar ofis ake yin shi.

Mataki na 1: tono tarihin wurin

Kar ku fara da leta. Ku fara da dattijai. A zauna da mai unguwa da tsofaffin da suka san wurin, a tambaya mi aka yi a nan, yaushe aka fara, yaushe aka daina, ina ruwan wurin yake gangarawa in an yi sama. A rubuta komai da sunan shekara ko da ta kintace ce, lokacin gwamna wane ko shekarar da aka yi kwalta kaza. Sannan a samu yaro mai kwamfuta ya buɗe Google Earth, akwai inda ake komawa tsofaffin hotuna, za ku ga yadda bolar ta riƙa cin fili shekara bayan shekara. A buga su. A tsaya kowace kusurwa da waya a ɗauki lambobin wurin.

Amfanin tarihin shi ne zai faɗa maku gubar da za a nema, don ɗakin gwaji ba ya duba komai da komai, abin da ka ce a duba shi ake dubawa kuma kowane da kuɗinshi. Inda aka fasa batir ko aka narka shi, dalma ake nema. Gareji, baƙin mai da dalma. Tsohon gidan mai, fetur da gas da suka yoyo daga tankin ƙasa. Inda 'yan gwangwan suke ƙona waya su ciri jan ƙarfe, dalma da kadmiyam da dafin ƙonannen roba. Majema kuwa sai an bambance, ta gargajiya mai bagaruwa da toka daban, ta zamani mai gishirin kurom daban, wannan ta biyun ita ce abin tsoro. Haka marina, baba da toka ba ɗaya suke da rinin kanti mai soda ba. In akwai tsohuwar taransifoma da manta ya tsiyaye, a rubuta, tsohon man nan yakan zo da sinadarin PCB.

Mataki na 2: wurin na wa ne

Nan ne kwamitoci da yawa suke karya wuya. Bola ba ta da mai ita sai ranar da aka kwashe ta, ranar za ka ga magada sun fito daga ko'ina, har da wanda yake Legas.

Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar birni a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka wato C of O, ta karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin gargajiya. Saboda haka ku rubuta a bincika maku a ma'aikatar ƙasa da KATGIS, hukumar taswira da bayanan filaye ta jiha, ko akwai fayil a kan filin, ku leƙa hukumar tsara birane URPB ku ji mi aka ware wurin don shi a taswira. Ta gefen sarauta kuma daga mai unguwa har zuwa hakimi, a samu shaida a rubuce da hatimi.

In na gwamnati ne ko na al'umma, alhamdulillahi hanya ta miƙe. In na mutum ne ko gado, gwamnati ba za ta zuba kuɗin jama'a ta gyara ma wani fili ya yanka ya sayar ba, ko kuma in ce bai kamata ba. Sai dai ko ya bayar da shi wakafi a rubuce gaban shaidu, ko gwamna ya karɓe shi don amfanin jama'a kamar yadda sashe na 28 ya ba shi dama a biya diyyar abin da aka gina ko aka shuka, ko a yi yarjejeniya da lauya kan wane kaso zai koma na unguwa. Ko wacce aka zaɓa, a gama ta kafin a kwashe shebur ɗaya na shara. Kuma a kira safiyo ya auna ya fitar da taswira, kar a dogara da "daga bishiyar can zuwa katangar Alhaji".

Mataki na 3: gwaji

Wallahi in kuɗin kwamiti na abu ɗaya ne kawai, a kashe su nan. Hoton bola kowa yana da shi, wari kowa yana ji, jami'in da kuka kai ma koke shi ma ta gefen wata bolar ya biyo da safe. Abin da ke sa ya gyara zama shi ne takardar da ta ce ƙasar da yara ke wasa a kanta tana da dalma kaza.

Ku je sashen kimiyyar sinadarai ko na labarin ƙasa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko Hassan Usman Katsina Poli, ko FUDMA ta Dutsin-ma, ku nemi malami ya jagorance ku. Sau da yawa akwai ɗalibin da ke neman abin da zai yi furojet a kai, kun ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Amma ku sani, wannan na buɗe ƙofa ne, in magana ta kai ga manyan kuɗi za a nemi sakamakon ɗakin gwajin da ma'aikatar muhalli ta tarayya ta amince da shi.

Yadda ake ɗiba: a raba filin gida-gida kamar na dara, kowane gida a ɗebi ƙasar sama, santimita 5 na farko, don ita yara ke taɓawa kuma ita iska ke ɗauka. A wasu gidajen a zurfafa zuwa rabin mita ko mita guda a ga inda gubar ta kai. A ɗebo wata ƙasar daga wuri mai tsabta nesa da nan don a kwatanta. Ta gwajin dalma a sa a sabuwar leda, ta gwajin mai a kwalba mai murfi, a wanke abin ɗiba tsakanin rami da rami, kowace a manna mata lamba da kwanan wata. A haɗa da ruwan rijiyoyi da bohol na gidajen da ke kewaye, musamman na gangare. In akwai masu lambu da ke ban ruwa da abin da ya fito daga wurin, irin yadda ake yi a bakin rafin Ginzo wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi, a tsinko latas ko alayyahu a haɗa.

In sakamako ya fito za ku ga lamba da ppm a gefe, wato kashi nawa cikin miliyan na ƙasar ne guba. Don ku samu abin aunawa, Amurka ta daɗe tana amfani da 400 na dalma a ƙasar da yara ke wasa, a farkon 2024 ta sauke ma'aunin zuwa 200. In taku ta haura haka a inda yara ke zama, kar a jira gwamnati, a killace wurin ko da da ƙaya ce, a kai ƙananan yara asibiti a nemi gwajin dalma a jini. Dalma ba ta ruɓewa, ruwan sama ba ya wanke ta, kuma ɓarnar da take yi ma ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara ba sai an yi mamu dogon bayani ba, a 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa cikin gida.

Mataki na 4: ku zama ƙungiya mai rajista

Wannan ba shi da tsawo. Rajista a ƙaramar hukuma ko jiha ta isa a fara, amma masu ba da tallafi na waje za su nemi ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta tarayya. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, sa hannu mutum biyu ko uku. A sa mata cikin kwamiti da gaske, su suka san yaran da ke yawan ciwo da rijiyar da ruwanta ya canza. A sa wakilin kanikawa da na masu jari bola, in kun yi taro babu su to kun yi taron korarsu ne, kuma za su ji.

Mataki na 5: in an gyara mi za a yi da wurin

Gwamnati ta fi son abin da za a yanke ma kyalle a ɗauki hoto. "A kwashe mamu bola" ba ya burge kowa, amma "a mayar da bola filin ƙwallo da rumfunan kasuwa da magudanar ruwa" wannan aiki ne da ɗan siyasa zai so sunanshi a allo.

Sannan abin da za a yi da wurin shi ke yanke yawan gyaran da kuɗinshi. Tashar mota ko rumfuna da za a dafe da kankare, ana iya kwashe inda gubar ta fi yawa a rufe sauran. Makarantar yara ko lambu kuwa sai an kwashe sosai an kawo sabuwar ƙasa mai kauri. Gidajen kwana a kan tsohuwar bola mai zurfi, ni dai shawarata a'a. Shara tana ci gaba da ruɓewa a ƙasa shekaru masu yawa, tana fitar da gas mai kama wuta, ƙasa tana zama, gini yana tsagewa, kun sha ganin gidan da bai shekara biyar ba ƙofa ta daina rufuwa.

Wani abu da mutane ke mantawa, kududdufin nan da kuke ƙyama shi ke shanye ruwan unguwa a watan Agusta. In kun cike shi ba ku yi ma ruwan hanya ba, cikin ɗakunanku zai kwana. Dole tsarin ya zo da kwalbati da lambatu, ko a bar wani ɓangare ya ci gaba da tara ruwa a katange shi saboda yara. Kuma wannan maganar ruwan ita ce ma za ta buɗe maku ƙofofin da suka fi kuɗi.

Mataki na 6: ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa

Ƙaramar hukuma. Kwashe shara aikinta ne a tsarin mulki, tana da duba-gari, kuma tun hukuncin kotun ƙoli na Yulin 2024 ana ta maganar kuɗinta su riƙa zuwa mata kai tsaye. Babban aiki ya fi ƙarfinta, amma katanga, allon hana zuba shara, sabon wurin tara shara, da wasiƙar goyon baya daga ciyaman, duk nan ne. A bi ta kansila.

Jiha. Ma'aikatar muhalli da SEPA, hukumar kare muhalli ta jiha. Abin lura nan lokaci ne. Ma'aikatu suna haɗa buƙatunsu na bajet tun wajen tsakiyar shekara, gwamna ya kai majalisa wajen ƙarshenta. In kun kai takarda a Janairu kun makara da shekara guda. A kai kafin damina ta yi nisa, kuma in an kira taron jin ra'ayin jama'a kan kasafi a matakin gunduma, jiharmu gunduma 361 gare ta, ku cika wurin ku sa a rubuta aikinku a sahun farko.

Asusun muhalli na tarayya, wanda ake kira Ecological Fund. An kafa shi a 1981, ana cire shi daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na da kashi 1 cikin ɗari, jihohi 0.72, ƙananan hukumomi 0.6. Ku lura da kyau, jiha da ƙaramar hukuma su ma suna da nasu kason, ba sai Abuja ba. Ofishin na tarayya yana ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, aikinshi zaizayar ƙasa, ambaliya, hamada da gurɓatar muhalli. A aikace ya fi karkata ga zaizaya da ambaliya, shi ya sa na ce ku ɗaura maganar guba a kan maganar ruwa. Takardar da ta bi ta hannun sanata ko ɗan majalisar tarayya da wasiƙar jiha a bayanta ta fi saurin motsi.

ACReSAL. Shiri ne da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2021, dala miliyan 700, jihohin arewa 19 da Abuja, Katsina na ciki, shi ya biyo bayan shirin yaƙi da zaizayar ƙasa na NEWMAP. Gaskiya ba don kwashe guba a birni aka yi shi ba, na farfaɗo da ƙasar da ta lalace ne da kula da hanyoyin ruwa. In filinku yana bakin kwari ko rafi, ko zaizaya na cin shi, ku je ofishinsu na jiha. In tsakiyar unguwa ne babu ruwan da ke ratsawa, kar ku ɓata takalmi.

Aikin mazaɓa na 'yan majalisa. Wannan ya dace da ɓangaren sama, rumfuna, fitilun sola, filin ƙwallo. Hatsarin shi ne ɗan kwangila ya zo ya dafe kankare a kan guba a ce an gama. Sai a tsaya kai da fata kwashewa ta riga gini.

Akwai kuma ƙaramin tallafin GEF, asusun muhalli na duniya, da ofishin UNDP na Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanarwa don ƙungiyoyin al'umma, a baya ya daɗe iyakarshi na dala 50,000. Ba kuɗin gwamnatinmu ba ne, amma ya isa gwaji mai kyau da gyaran ɓangare ɗaya, kuma gwamnati ta fi saurin shiga aikin da ta ga an riga an fara.

In kuwa wanda ya ɓata wurin sananne ne kuma yana da hali, kamfani ko mai gidan mai, ƙa'ida ita ce shi zai biya. A kai ƙorafi NESREA, hukumar tilasta bin dokokin muhalli ta tarayya da aka kafa a 2007, in malalar mai ce kuma NOSDRA mai kula da malalar mai. Amma don Allah a bambanta kamfani da bakanike mai neman na tuwo, shi wurin komawa za a nema mashi da durom ɗin tara baƙin mai, wanda dama akwai masu saye.

Kar ku zaɓi ƙofa ɗaya. A yanka aikin gunduwa-gunduwa, kowace ƙofa a kai mata abin da za ta iya haɗiyewa.

Mataki na 7: fayil da bin sawu

Leta shafi ɗaya tak. Ina ne, mi aka samu a gwaji, gida nawa abin ya shafa, mi kuke so, nawa zai ci. Sauran duk a maƙala a baya: taswirar safiyo, takardun mallaka, sakamakon gwaji, hotuna, wasiƙar hakimi da ta ciyaman, rajista, da kiyasin kuɗi da injiniya ya sa ma hannu, an raba shi kashi-kashi. Kada ku taɓa bayar da asalin takarda. Kada ku taɓa fita ofis ba a buga maku hatimin an karɓa a kan kwafinku ba, da kwanan wata, namu na farko haka ya salwanta, muka koma aka ce wa kuka ba, muka tsaya kallon juna. Ku nemi lambar fayil, mutum ɗaya mai haƙuri da ladabi a ɗora ma zuwa duk bayan sati biyu.

Sannan ganin aiki a bajet daban, sakin kuɗi daban. Bagega ta Zamfara misali ce, an yi alkawarin kuɗin kwashe gubar a 2012, shiru, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna cewa ba za su iya fara ba yara magani ba sai an gyara ƙasar da za su koma, sai da matasan ƙungiyar bin sawun kuɗin gwamnati ta Follow The Money suka tayar da ƙura a intanet sannan aka saki kuɗin a farkon 2013. Ku ma kuna da rediyo, kuna da Facebook, kuna da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ba hukuma kwana 7 ta amsa tambaya a rubuce. Sai dai a yi magana da lamba da takarda, ban da zagi, wanda ka zaga yau gobe fayil ɗinka na tebur ɗinshi.

Mataki na 8: ranar da tifa ta iso

Yawancin kwamitoci nan suke watsewa a tafi walima, alhali nan ne aka fi buƙatar ido. In aikin babba ne a tambayi ɗan kwangila rahoton tasirin muhalli da dokar 1992 ta tanada. A yi aikin da rani a gama kafin ruwan Yuni, amma a guji ranakun da iskar hunturu ke kaɗawa, a riƙa yayyafa ruwa kafin a kankare, in ba haka ba ƙurar da ta kwanta shekara ashirin za ta tashi ta shiga tukunyar kowa. Leburori su sa takunkumi da safar hannu da but, su wanke jiki su bar kayan aiki a wurin, kar su kai ma 'ya'yansu gida. Aikin Zamfara ba da wasu manyan injuna aka yi mafi yawanshi ba, mutanen gari aka koya ma, da fartanya da shebur suka kankare saman ƙasa, aka kai ramin da aka tanada aka binne, aka shimfiɗa sabuwa, ana bi da na'urar hannu ana aunawa.

Babbar tambaya, ina za a kai ƙasar. Kun san manomanmu suna sayen ƙasar bola a matsayin taki, direba zai ji daɗi a biya shi sau biyu, ya karɓi na kwashewa ya karɓi na saukewa a gonar wani a hanyar Jibiya ko ta Daura, gubar ta dawo maku a buhun gero. A rubuta wurin zubarwa cikin yarjejeniya, a rufe kowace tifa da tamfol, a sa matashi ya bi ta a mashin yana ƙirgawa. Ƙasar da za a kawo ma a gwada ta, kar a ɗebo daga wata bolar. In an bar wata gubar a ƙasa an rufe, a shimfiɗa raga ko leda mai launi tsakani, duk wanda ya zo haƙa nan gaba ya gan ta ya tsaya.

Kafin kwamiti ya sa hannu cewa an gama, a sake ɗibar ƙasa a gidajen daran nan na farko, a ɗakin gwaji ɗaya, a jera tsohon sakamako da sabo. Sannan a koma KATGIS da URPB a tabbatar an rubuta filin da sunan abin da aka gyara shi don shi, a karɓo kwafi, ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya wurin limami, ɗaya wurin sakatare. Rijiyoyin gangare kuma a ci gaba da gwada su duk bayan damina ko da shekara uku ne, don ruwan ƙasa yana daɗewa bai washe ba bayan sama ta yi kyau, a ware kuɗin gwajin daga hayar rumfuna tun ranar da aka raba makullai.